Ranar da Gado Ya Yi Wa Yaro Kaɗan

Wani dare cikin hunturun bara na shiga ɗakin yara in gyara wa babban ɗana bargo, sai na tarar ƙafafunsa biyu sun leƙo ta tsakanin sandunan ƙarshen gado, sun yi sanyi ƙalau. Da alama ya naɗe kamar gammo kafin ya samu ya shige, barci kuma ya zo ya miƙar da shi. Gadon nan mahaifiyata ce ta saya tun ranar sunansa. Da ya kai shekara 3 muka cire shingen gefe ɗaya, muka ci gaba da harkokinmu, shi kuwa yaron bai tsaya jiranmu ba. Ga shi ya shiga shekara ta 8, yana aji biyu a firamare, ana aikensa kanti ya dawo da canji daidai, amma dare na yi sai mu mayar da shi cikin abin da aka ƙera wa jariri.

Na kunna fitila na dubi ɗakin da kyau, irin duban da na daɗe ban yi masa ba. Bango ya sha zanen biro da yatsun manja. Hotunan agwagi da zomaye da na manna tun ina goyo sun koɗe, wasu sun ɓanɓare rabi. A lungu ɗaya ga buhun shinkafa da jarkar mai, a ɗayan ga kwallaye da kulolin da aka yi mini jere da su, waɗanda ko sau ɗaya ban taɓa zuba abinci a ciki ba. Jakar makarantarsa tana ƙasa, littattafansa suna ƙarƙashin katifa saboda ƙanwarsa mai shekara 2 ba ta ƙyale takarda. Sunan ɗakin dai na yara ne, amma a gaskiya sito ne da yara ke kwana a ciki.

Da na yi zancen, shawara biyu na samu. Wata abokiyar aikina ta buɗe mini wayarta, ta nuna mini ɗakunan yara a Instagram: gado mai siffar motar tsere, bango an liƙe shi da takardar ado mai hotunan katun, fitilu masu canza launi. Ta ce akwai mai yi a nan Kano, har gida zai zo. Da na ji kuɗin gadon kaɗai sai na ga ya haura albashina na wata biyu. Surukata kuwa da na kai mata gaisuwa cewa ta yi, "Ke ma dai Malama da neman wahala. Ubansa a kan tabarma ya tashi, ga shi nan da ƙafafunsa. A shimfiɗa masa a falo mana, in ya ƙara tasawa a nema masa shago."

Dukansu biyun don Allah suka faɗa, kuma dukansu biyun ban bi ba. Abin da na yarda da shi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yaron da ya fita daga ƙuruciyar goyo yana da haƙƙin a ware masa wuri a gidan ubansa, wurin da zai nuna masa an san ya girma. Kuma yawancin abin da ake bukata don yin hakan yana nan cikin gidajenmu, mun danne shi da tarkace.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a sha'anin gyaran ɗaki. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san abin da ake nufi da kayan ɗaki. Uwa tana fara tari tun yarinya na firamare, ta shiga adashi, ta sayar da akuya, wani lokaci uba ya ɗaga gona. Ranar jere mata su kwana suna kafi, a gwada labule a sauke, a sake gwadawa, a goge tangaran ɗaya bayan ɗaya. Gado da sif da madubi da kujeru, duk sai sun zama saiti ɗaya, in ba haka ba dangin miji su samu abin faɗa. Ban raina wannan al'ada ba, domin gata ce, kuma ni ma an yi mini. Abin da ke damuna shi ne wannan ɗaki da aka ci bashi aka ƙawata, bayan shekara 8 zai cika da yara uku, kuma cikinsu babu wanda aka taɓa zama aka yi tunanin inda zai ajiye littafinsa. Kwanukan da ba a ci a ciki suna da kabad mai gilashi, har da makulli. Yaron da aka haifa a gidan kuwa kayansa suna cikin leda a bayan ƙofa. Wannan lissafin bai yi daidai ba, kuma ba talauci ne ya kawo shi ba, domin na gan shi a gidajen da ake ajiye mota biyu.

Maganar shago ta fi tsaya mini a rai. A unguwanninmu, da zarar namiji ya fara tasawa sai a tura shi soro ko shagon da ƙofarsa ke kallon titi, ya haɗu da yayye da 'yan uwa da abokan yayye. A da, lokacin da gida ke da kaka a zaure, kuma kowane dattijo a layi yana iya tsawata wa ɗan kowa, tsarin yana da masu gadinsa. Yau kuwa uwa ba ta san wanda ya kwana a shagon ba, uba ya dawo kasuwa a gajiye. Kowa a garin nan ya san abin da ake koyo a wasu shagunan, daga sigari zuwa maganin tari, kuma mun san akwai yaran da aka cuta a irin waɗannan wurare suka kasa faɗa wa kowa. Yaro mai shekara 9 ko 10 bai kai a sallama shi ga titi ba. Wuri yake bukata a cikin gida, inda kunnen uwarsa zai ji tarinsa da dare.

Addininmu ma bai bar wannan magana a buɗe ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya yi umarni a fara sa yara salla suna da shekara 7, shi ne kuma ya yi umarni a raba musu makwanci idan sun kai 10. Muna yawan jin rabin farko a wa'azi, rabin ƙarshen kuwa ba a cika tsayawa a kansa ba. A cikin Suratun Nur kuma an koyar da cewa yaran da ba su balaga ba su riƙa neman izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan sallar isha'i. Yaron da har yanzu yake kwana a gindin gadon iyayensa, daga ina zai nemi izinin? Ashe ware masa wuri tun asali cikin tarbiyya yake, tun kafin a zo maganar ado.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: ina kuɗin? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, babu abin da ya tsaya inda yake. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, a Kano aka yi 71,000. Soson katifa da sinadaran da ake shigowa da su daga waje ake yinsa, don haka duk tashin dala sai ya taɓa shi. Mai iyali da ke lissafin kwanon masara ba zai saurari mai yi masa zancen takardar bango ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa zan faɗi yadda muka yi namu, don a ga inda kuɗi suka shiga da inda ba su shiga ba.

Aikin farko bai ci ko sisi ba, shi ne ma ya kawo kuɗi. Na fitar da komai tsakar gida ranar wata Asabar. Na kira dillaliyar unguwarmu ta duba kwallaye da kulolin nan, da gadon jaririn, da keken koyon tafiya. Ta juya su, ta taya, muka yi ciniki. Ban ɓoye ba, da za ta ɗauki gadon sai da na ji wani abu a ƙirjina, domin hannun mahaifiyata ne. Amma wani jaririn zai kwanta a kai, ya fi a bar shi gara ta ci. Buhun shinkafa ya koma kicin a kan benci. Da yamma ta yi sai ga ɗaki ya buɗe, har yaron ya tsaya a tsakiya yana juyi yana cewa, "Umma, ashe ɗakinmu babba ne."

Gado ban saya ba. A gidanmu na cikin birni akwai wani tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda aka yi wa iyayenmu jere da shi, an jingine shi a bayan ɗaki shekara da shekaru tun da gadajen katako suka yi yayi. 'Yan gwangwan sun sha tayawa. Na roƙa aka ba ni, mai walda ya gyara ƙafa ɗaya da ta karye, ya kankare tsatsa. Ƙarfen da aka yi shi da shi ya fi na gadajen yanzu kauri nesa ba kusa ba. Ga wanda ba shi da irin wannan gadon a gidansu, kafintan unguwa zai haɗa masa gado mara kwalliya, ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, musamman in mutum ya je kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa ya zaɓo katakonsa da kansa. Shawarata ɗaya ce a nan: a yi shi da tsawon babban mutum. Gado mai siffar mota yana burge ɗan shekara 6, amma ɗan shekara 11 kunyarsa zai ji in abokansa suka shigo, sai a sake kashe wasu kuɗin. Gadon da ba shi da siffar komai zai kai yaro har jami'a, ya bar wa ƙanensa. Masu yara da yawa da ke son gado mai hawa biyu su tuna likitocin yara a Amurka suna hana ɗora wanda bai kai shekara 6 ba a saman, kuma a ɗakunanmu masu gajeren silin sai a auna tazarar da ke tsakaninsa da fanka kafin a kafa.

Inda na saki hannu shi ne katifa. Sabuwa na saya, mai tauri, kuma ita ta cinye fiye da rabin abin da na kashe. Katifar hannu ba ta da arha ko nawa aka sayar da ita, domin ba ka san abin da ta ƙunsa ba. Wanda kuɗin cizo ya taɓa shiga gidansa ya san irin yaƙin da ake yi, har wasu su kai ga fesa fiya-fiya a makwancin yara, abin da guba ce tsagwaronta. Yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, in ji masana barci. Babu wani kaya a gidan da zai yi amfani da shi tsawon wannan lokaci kullum in ba katifa ba. Na sa tela ya ɗinka mata riga ta leda daga ciki, saboda fitsarin kwance bai gama sallama da mu ba a lokacin, kuma ban ga dalilin kunyata yaro a kan abin da ba da gangan yake yi ba.

Rumfar gadon nan ta yi mini wani amfani da ban yi tunaninsa ba da farko: gidan sauro ya zauna a kanta daram, ba ƙusa, ba igiya. Wannan wuri ne da iyaye da yawa ke yin sakaci ba tare da sun lura ba. Muddin yaro yana kwana da uwarsa, yana cikin gidan sauronta. Ranar da aka raba shi da ita, sau da yawa an raba shi da gidan sauron ke nan, a shimfiɗa masa a falo haka kawai. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Kuɗin allura da ƙarin ruwa na kwanciya ɗaya a asibiti sun isa a sayi gidan sauro da ragar taga har a samu canji. Tagar ma da muka toshe da kwali tun wani hunturu, na sa aka buɗe ta aka buga mata raga. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, kuma ya tuna annobar sanƙarau ta 1996, ba zai tara yara a ɗakin da iska ba ta ratsawa ba.

Fenti kuwa a nan ne na yi gardama da mai aikin. Ya ce, "Hajiya, a sa na mai, ja ko ruwan ɗorawa, yara suna son mai ƙyalli, kuma ana goge shi da tsumma." Na ce a'a, na ruwa za a sa, fari mai ɗan duhu. Dalilina shi ne dalma. An daɗe da sanin cewa wasu fentin mai, musamman masu launi mai haske irin ja da ruwan ɗorawa, ana zuba musu sinadarin dalma, kuma idan suka tsufa suka fara ɓarɓashi, ƙurar tana shiga bakin yara ta hannunsu. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma likitoci sun ce babu wani adadinta da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro, komai ƙanƙantarsa. Bokiti ɗaya na fentin ruwa daga Ƙofar Ruwa ya ishe mu, ya kuma fi arha. Ko farar ƙasa mutum ya samu, ta wadatar. Shi ma tsohon gadon a waje aka kankare shi, nesa da yara, aka share wurin da ruwa.

Teburin karatu wani ɓallen ƙofar sif ne da kafinta ya kafa a bango da ƙarfe biyu, a ƙarƙashin taga. Kujera ta roba ce daga Ƙofar Wambai. Fitila mai caji da hasken rana na saya masa, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma ba na son kyandir kusa da gidan sauro. Kanta biyu a sama, inda hannun ƙanwarsa ba ya kaiwa: ta sama ta Alƙur'ani da allonsa, ta ƙasa ta littattafan boko. Ƙaramar durowar da ta rage a ɗakin na sa aka ɗaure ta da bango, tun da na san a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara sun kashe wasu. Yaranmu ma suna jawo aljihun durowa su taka. Talabijin da waya ba su shiga ɗakin ba, kuma ba za su shiga ba.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne wanda ya fi komai arha. Wata tsohuwar adakar ƙarfe ce da Abbansu ya yi makarantar kwana da ita. Na wanke ta, na saya mata ɗan kwado, na miƙa wa yaron makulli ɗaya, na riƙe ɗaya, na kuma faɗa masa cewa ɗayan yana wurina. Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Umma, nawa ne ni kaɗai?" Na ce nasa ne. Mu manya muna raina dukiyar yara: murfin kwalba, ƙwallon roba, naira hamsin ɗin barka da salla, takardar jarrabawar da aka ci goma bisa goma. A wurinsu kuwa ita ce duk abin da suka mallaka a duniya. Yaron da kullum ake kwashe masa kaya a zubar da sunan shara, ko ƙanensa ya lalata a ce masa "haƙuri za ka yi, kai ne babba", yana tashi bai san bambancin nawa da naka ba, domin ba a taɓa nuna masa nasa ba. Muna son 'ya'yanmu su riƙe amana, amma ba mu taɓa ba su abin da za su riƙe ba. Tun da ya samu adakar nan ban sake cewa ya ɗauke takalminsa daga ƙofa ba. Shi ke gyara gadonsa, ba ya yi daidai, ni kuma ba na sake gyarawa a gabansa.

Na kuma bar shi ya zaɓi wasu abubuwan. A Kantin Kwari na nuna masa yadi uku da kuɗina zai iya saya, ya ɗauki shuɗi mai ratsi, aka yi labule da zanin gado da shi. Ba shi ne zaɓina ba, amma ba ni zan kwana a ciki ba. A bango ya manna taswirar Nijeriya da jadawalin sau, ya kuma roƙi a bar masa zomo ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan, wanda ke kusa da filonsa. Na bar masa. Girma ba ya zuwa a dare ɗaya, kuma bai kamata a share wa yaro ƙuruciyarsa gaba ɗaya don mu mun yanke cewa ya girma ba.

Akwai masu karanta wannan da ke zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya, su da yara huɗu, kuma ba zan yi musu ƙaryar cewa abin da na yi zai yiwu a wurinsu yadda yake ba. Amma na ga wata maƙwabciyarmu, mai sayar da awara, ta ɗaura waya daga bango zuwa bango ta rataya tsohon zani, ta raba ɗakinta biyu. Babbar 'yarta tana da tabarmarta da 'yar katifarta a bayan labulen, da ƙusa biyu na rataye hijabi da jaka, da bokitin fenti mai murfi da take ajiye kayanta. Da safe a naɗe, da dare a shimfiɗa, kuma duk gidan an san wannan lungun nata ne, ba mai taka shi da takalmi. Abin da matar nan ta kashe bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba. Ga 'ya mace ma abin ya fi zama dole, domin tana dab da shekarun da za ta bukaci inda za ta canza kaya ba tare da ta jira kowa ya fita ba, kuma bai kamata ta jira sai ranar aurenta kafin a fara ware mata wuri a duniya ba.

Bayan mako biyu surukata ta zo. Yaron ya kama hannunta tun daga ƙofar gida, ya ja ta har ɗakin. Ta tsaya ta dubi gadon ƙarfen, ta shafa rumfarsa, ta ce irinsa aka kai ta da shi, har ta faɗi launin zanin da aka shimfiɗa mata a kai. Sannan ta zauna a bakin katifar ta danna ta da tafin hannu. Shi kuwa ya durƙusa ya ciro makullin da ya rataya a wuya da zare, ya buɗe adakar, ya fara fito mata da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mata inda ya samo kowanne. Da za ta tafi ta kwance bakin zaninta ta ba shi naira ɗari biyu, ta ce, "Ungo, maigida, a sa a cikin akwati."